Taliyar Lanzhou a lokacin sanyin Guangzhou

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ka tambaye ni abin da 'yan kasuwarmu ke ci a nan Guangzhou idan sanyi ya shigo, da yadda gidajen abincinsu suke idan aka gwada da namu. Sanyin garin nan, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba irin hunturun Kano ba ne mai ƙura da tsage leɓe. Sanyi ne mai laima da ke ratsa tufafi, kuma yawancin gidajen kudancin ƙasar Sin ba a gina su da na'urar ɗumama ɗaki ba. Shi ya sa da magariba za ka ga mutanenmu na unguwar Xiaobei sun nufi ƙananan shagunan taliyar Lanzhou, waɗanda galibi Musulmi ne 'yan ƙabilun Hui da Salar daga lardin Qinghai ke riƙe da su.

Asalin abincin birnin Lanzhou ne na lardin Gansu, kuma ana danganta shi da wani Musulmi mai suna Ma Baozi, wanda ya fara sayar da shi a 1915. Ƙarfin abincin duka a romonsa yake. Tun da asuba ake ɗora ƙashin shanu da nama a babbar tukunya, a zuba citta da kirfa da kanumfari, da wani ɗan itace mai siffar tauraro, da barkonon Sichuan, ɗan uwan fasaƙwarinmu, wanda ke sa harshe ya ɗan yi sanyi kafin ɗumi ya bi jiki. Ana ta kwashe kumfa da kitse har romon ya fita garau, ana hango gindin kwano. A kansa ake sa yankakkiyar farar saiwa mai kama da karas, da ɗanyen ganye mai ƙamshi, da ganyen tafarnuwa, da cokalin jan man barkono. Da yawa daga cikin kayan ƙamshin nan akwai su a Kasuwar Kurmi, kuma a ganina cittarmu ta Kachia ta fi tasu zafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne taliyar. Ba a ajiye ta a dafe. Sai ka faɗi kaurin da kake so, daga mai siririn gashi zuwa mai faɗin ɗamara, sannan yaron shagon ya yanko kwaɓin fulawa da aka sa wa ruwan toka don ya yi danƙo, ya ja shi da hannu biyu, ya ninka, ya sake ja, ya buga a kan tebur, har zaren ya cika tsakanin yatsunsa. Ya jefa a tafasasshen ruwa, kafin ka gyara zama kwano ya iso yana tururi. Duk a gabanka ake yi, don haka ba ka da shakkar abin da ya shiga cikinka.

Ta fuskar hidima kuwa, dole a yaba musu. Farashi yana rubuce a bango tare da hoton kowane abinci, wanda bai iya yaren ba ya nuna da yatsa kawai, kuma kuɗin da ɗan gari ya biya shi baƙo zai biya. Kwano ɗaya yawanci bai kai yuwan 20 ba, ana biya ta waya da WeChat ko Alipay, babu rigimar canji. Ɗanɗanon yau shi ne na gobe, abin da masu abincinmu na bakin kasuwa ba kasafai suke kiyayewa ba, domin miyar safe daban take da ta yamma bayan an tsinka ta da ruwa.

Sai dai a wajen nama mun yi musu nisa. 'Yan yanka ne sirara ƙwarai ake ɗorawa a sama, wanda ya saba da farfesun kayan ciki ko na ƙafar sa zai ga kamar an yi masa rowa, sai ya ƙara kuɗi a kawo masa faranti na dabam. Cin taliya da tsinke biyu ma yana ba sababbin zuwa wahala, ko da yake shagunan da suka saba da 'yan Afirka suna ajiye cokali mai yatsu.

Tun da kana tunanin buɗe wa Hajiya wurin abinci, ina ganin wannan sana'a za ta karɓu a gida lokacin hunturu, musamman yanzu da matasa suka saba da cin taliya wajen mai shayi. Jan taliya da hannu yana buƙatar koyo mai tsawo, amma taliyar murji da mata ke yi a gida za ta wadatar, muddin an dafa ta a lokacin da mai saye ya zo, an ba romon haƙƙinsa a kan wuta, kuma an sa nama gwargwadon yadda mutanenmu suka saba. Ka gaida Hajiya da yara.