Fisiyo ko PHE: amsa ga ƙanenmu mai son duba raunin 'yan wasa

Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa domin ba magana ce da za a amsa a tsaitsaye ba. Ka ce ka gama sakandare a nan Gombe, ka fito da kiredit a darussan kimiyya, kuma burinka ka zama irin mutumin nan da ke rugowa cikin fili da jaka idan ɗan wasa ya faɗi. Wani ya ce ka cike PHE, wato ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, wani kuma ya ce ka nemi fisiyo, wanda mutanenmu ke kira gashin ƙashi. Kana so a jera maka su ka gani. Ni PHE na karanta, shi nake koyarwa, na kuma daɗe ina zama a benci da wata ƙaramar ƙungiyar unguwa. Abin da zan gaya maka daga cikin gida yake.

Aikin da ka gani a bidiyon wasannin Amurka sana'a ce mai zaman kanta a can, suna kiran mai yinta atiletik tirena. Sunan yana ruɗa mutane, sai su ɗauka koci ne, alhali ma'aikacin lafiya ne. Ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1950 aka kafa ta, kuma a 1990 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da aikin a matsayin reshen kiwon lafiya. Yanzu sai da digiri na biyu daga makarantar da aka tantance, sannan mutum ya ci jarrabawar hukumarsu, kafin ya amsa sunan. A Najeriya aikin nan rabe yake gida biyu. Rabin da ya shafi shirya jikin mai lafiya don kada ya ji rauni yana hannun 'yan PHE. Rabin da ya shafi duba wanda ya riga ya ji rauni da mayar da shi fili yana hannun likitan fisiyo. Shi ya sa masu ba ka shawara suka rabu, kowa rabin da ya sani ya faɗa maka.

Wajen shiga, ƙofar PHE ta fi faɗi. Kana iya yin NCE shekara uku a kwalejin ilimi, ka wuce jami'a aji biyu kai tsaye, ko ka shiga digirin shekara huɗu tun farko a irin su Bayero a Kano, Ahmadu Bello a Zariya ko Jami'ar Maiduguri. Wasu sun sauya wa sashen suna zuwa kimiyyar motsin jikin ɗan'adam, amma gidan ɗaya ne. Fisiyo kuwa ƙofarsa ƙunci gare ta. JAMB ɗinsa Turanci ne da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, ga kiredit biyar har da Lissafi, ga maki mai tsauri, domin da yawa daga waɗanda suka rasa gurbin likitanci nan suke komawa. A kusa da mu Bayero da Maiduguri sun daɗe suna yinsa. Shekara biyar aka saba yi, wasu jami'o'i sun koma tsarin shekara shida, bayan nan akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Ka lissafa da kanka, ka kuma lissafa aljihun Baba.

A cikin aji za ka ga kamar suna kama da juna, domin duka biyun ana karanta ƙirar jiki da yadda sassansa ke aiki. Bambancin a zurfi yake. Mu a PHE mun san sunayen ƙasusuwa da tsokoki, mun san yadda zuciya da huhu ke amsa gudu, mun koyi tsara atisaye, dokokin wasanni, abincin ɗan wasa, agajin gaggawa da dabarun koyarwa. Ɗan fisiyo kuwa tare da ɗaliban likitanci yake fara karatun ƙirar jiki, har ɗakin gawa ake shiga da shi ya ga jijiya da idonsa. Daga nan shekarunsa na ƙarshe a asibiti yake yinsu, hannunsa a jikin marasa lafiya, malami na tsaye a kansa. Wannan taɓawar ce ba mu samu ba, kuma ba a koyonta a littafi.

Ga yadda na gane haka. Wata shekara da hunturu, lokacin da filayenmu ke bushewa su yi tauri kamar daɓe, wani yaro ɗan baya ya yi tsalle ya dira a gefen ƙafa. Nan da nan idon sawun ya kumbura. Na duba na ce targaɗe ne. Na bari aka murza masa man zafi, aka ja ƙafar, da yamma iyayensa suka kai shi wajen mai ɗori. Sai bayan mako uku, da ciwon ya ƙi lafawa, aka ɗauki hoto, ashe siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri ne ya karye daga ƙasa. Yaron bai sake buga ƙwallo kamar da ba. Daga baya wata likitar fisiyo ta nuna mini abin da ya kamata a yi a minti biyun farko: a ga ko zai iya taka ƙafar taku huɗu, a kuma danna bayan ƙashin idon sawu ta ciki da ta waje. Idan ya kasa takawa, ko zafin a kan ƙashin yake ba a nama ba, to hoto za a je, ba tausa ba. Ƙa'ida ce da likitoci suka fitar a Otawa ta ƙasar Kanada, kuma a wajen ɗan fisiyo abu ne na yau da gobe. Har yau idan na haɗu da yaron nan a kasuwa sai gabana ya faɗi.

Sai maganar doka, wadda matasa ba su cika tambaya ba. Likitan fisiyo yana da hukumar da ke masa rajista ta ba shi lasisi, MRTB, wadda aka kafa da dokar 1988. Da wannan lasisin yake da ikon duba rauni, ya tsara jinya, ya ce wane ya warke ko bai warke ba. Mai digirin PHE rajistarsa ta malanta ce, a TRCN, hukumar rajistar malamai. Ba shi da hurumin jinya, balle allura. Na sha ganin masu jakar benci suna ɗirka wa yaro allurar kashe zafi don ya ƙarasa wasa. Ƙanena, ko wane kwas ka yi, kada ka zama wannan mutumin. Zafi shi ne ke gaya wa yaro ya tsaya, idan ka kashe shi ka tura shi ya ƙarasa yage abin da ya fara yagewa.

Kada ka ɗauka ina rena kwas ɗina. Inda PHE ya fi ƙarfi shi ne kafin a faɗi, kuma rigakafi ya fi magani. Tsokar bayan cinya, wadda ke yawan fizgewa ga 'yan ƙwallo, ana iya ƙarfafa ta da atisaye. FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, wanda bincike ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku idan ana yinsa aƙalla sau biyu a mako. Ba ya buƙatar na'ura, fili kawai da mutumin da ya san abin da yake yi. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke taɓa digiri 40, wanda ya san ƙarfe nawa za a fito atisaye, yaushe za a tsaya shan ruwa, yaya za a sassauta wa yara da azumi, shi ne ke hana a kwashi wani a sume. Likitan fisiyo yakan ga ɗan wasa ne idan abu ya lalace. Ɗan PHE kullum yana tare da shi, ya san wanda bai yi barci ba, ya san wanda ke ɓoye ɗingishi don kada a ajiye shi a benci.

Ta fuskar abinci kuwa, gaskiya ɗaya ce: benci ba shi da yawa. Ƙirga manyan ƙungiyoyin da ke jihohinmu biyu, Gombe United da Doma United a nan, Wikki Tourists a Bauchi, sai 'yan ƙwallon kwando irin su Gombe Bulls. Kowacce mutum nawa za ta ɗauka? Saboda haka tambayi kanka me za ka yi ranar da ba wasa. Ɗan fisiyo yana da asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko na ATBU a Bauchi. Amma ka sani, yawancin waɗanda zai gani ba 'yan wasa ba ne. Dattijo ne mai shanyewar ɓarin jiki, uwa mai ciwon baya, yaron da bai iya zama ba har ya shekara biyu, ɗan acaɓa da aka cire wa filasta. Idan ƙwallo kaɗai kake so, ba ka da haƙurin koya wa tsoho ɗaga cokali, za ka sha wuya. Ɗan PHE kuma yana da aji, da hukumar wasanni, da gidajen motsa jiki, yana iya ƙarawa da kwas ɗin koci a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas. Wanda ba ya son alli da hayaniyar ɗalibai, shi ma ya yi tunani.

Tunda ka ce mutumin da ke rugowa da jaka kake so ka zama, kuma kana da kiredit ɗin, shawarata ka nemi fisiyo, ko da zai kai ka ga sake rubuta JAMB sau ɗaya. Ɗan fisiyo yana iya koyon tsara atisaye daga baya da gajerun kwasa-kwasai, amma ɗan PHE ba ya samun lasisin jinya sai ya koma ya yi karatun fisiyo. Ko Amurkan kake hange wata rana, makarantunsu suna neman shaidar ka yi Fiziks da Kemistiri da ƙirar jiki a jami'a, kuma takardar fisiyo ta fi cika wannan sharaɗin. Idan kuwa maki bai kai ba, ko gida ba za su iya ɗaukar shekarun ba, shiga PHE da ƙarfin gwiwa, ka zama gwanin rigakafi, ka riƙe lambar likitan fisiyo guda a wayarka.

Abu ɗaya ne ba sai ka jira jami'a ba, shi ne farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin Surulere ana wasa da Angola, bai tashi ba. A Yunin 2021 Christian Eriksen na Denmak ya faɗi haka nan, aka danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar girgiza zuciya, ga shi ya dawo yana buga ƙwallo. Ga yadda ake yi: danna ƙirji sau 30, hura numfashi sau 2, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti. Ƙungiyar Red Cross tana koyar da wannan, je ka ofishinsu ka tambayi ranar horo na gaba.

Kafin ka cike fom kuma, nemi izini ka wuni guda a sashen fisiyo na asibiti ka ga masu zuwa. Ranar wasa ka shiga filin Pantami da wuri, ka zauna ta bayan benci, ka bar kallon ƙwallo ka kalli masu jaka tun daga ɗumama jiki har a tashi. In ka yi duka biyun, dawo ka gaya mini a wanne ka ji ba ka son tafiya gida, sai mu zauna mu duba kundin JAMB na bana tare.