Na je neman fitilar shuka rama a Kanada, aka ɗauke ni manomin wiwi

Salamu alaikum jama'ar gida. Yaya ya daɗe yana min ƙorafi wai tunda na zo Kanada ban taɓa ba da labari mai tsawo ba, kullum sai "lafiya lau" a waya, toh yau ga shi na zauna, kuma abin da ya zaunar da ni wani abu ne da ya same ni a wani shago a nan Edmonton, wanda har yanzu in na tuna sai naji ƙirjina yayi nauyi.

Kwaɗon rama ne ya ja min. A watan Disamba a garin nan rana bata fitowa sai wajen ƙarfe 9 saura, ƙarfe 4 da 'yan mintuna ta faɗi, sanyi kuma yakan kai 30 ƙasa da sifili, ba ganye ko ɗaya a waje sai ƙanƙara fari fat. Shagunan 'yan Afirka akwai garin rogo, manja, agushi, wani lokacin har kuka da busasshiyar kuɓewa, amma ɗanyar rama ko a mafarki. Wani abokin aikina yace ai mutane suna shuka ganye a cikin ɗaki da wata fitila mai maye gurbin rana, ya kwatanta min shagon da ake sayarwa. Ni da na tashi a bakin kwalbatin ruwan Kadawa, tun ban kai shekara goma ba nake dashen tumatir, nace wannan ai ba abin da zai gagare ni bane.

Na shiga, wani saurayi bature ya tarbe ni da fara'a. Turancin rama ban sani ba, sai na ciro waya na nuna masa hoton ramar da Inna ta shuka a bayan ɗakinta, wanda Yaya ya turo min da damina. Ya kalla yayi murmushi yace kai wannan tayi kyau, satiba ce ko? Amma tunda a ɗaki zaka yi kuma sabon hannu ne kai, gara ka fara da indika, ita gajera ce mai faɗin ganye bata tashi ta taɓo silin, asalinta daga duwatsun Afganistan da Pakistan take shi yasa take da juriya, kuma tafi saurin nuna. Ya ja ni wajen wani tanti mai ƙyalli a ciki kamar takardar alawa, ga fanka, ga wata tukunyar gawayi da yace tana shanye wari don kar maƙwabta su damu. Ni duk a zatona wani nau'in rama ne na turawa. Sai da yace su basa sayar da irin, wai sai dai na tsallaka titi zuwa shagon da yake da lasisi na nuna katin shaida, ya nuna min hoton ganyen a bango, sannan na gane. Wiwi yake nufi.

Innalillahi. Jikina yayi sanyi, ga mutane biyu a bayana suna jira suna ji. Ni da nayi sauka a gaban Malam, ko sigari ban taɓa kaiwa bakina ba. Cikin ruɗewa nace a'a wannan mahaifiyata ce ta shuka, sai naji yace madalla ashe gado kayi. Wannan kalmar ce ta fi ƙona min rai wallahi. Inna, da carbinta da azumin Litinin da Alhamis ɗinta, ace a wata ƙasa wani ya kalli shukarta ya ɗauke ta mai noman wiwi. Har na fara tunanin ko don ya ganni baƙi ne, na kwana biyu ina juya wannan a raina.

Amma gaskiya ɗaya ce, yaron bai yi don wulaƙanci ba. Da na daure nayi masa bayani cewa ganye ne da muke dafawa mu kwaɗa da ƙuli-ƙuli, fuskarsa tayi ja, ya ba ni haƙuri ya fi sau biyar, ya zauna a kwamfuta har ya gano ta. Ashe kenaf suke ce mata, kuma sunan da masana tsirrai suka sa mata ma Hibiscus cannabinus ne, wato sun jingina ta da wiwi saboda kamar ganyen. Ku je ku kalli ramar bayan gida da kyau, mai yatsu ɗin nan, zaku ga abin da ya gani.

A wurinsa kuma ba zagi bane, don tun 17 ga Oktoba 2018 gwamnati ta halatta abin a ƙasar nan. A jiharmu ta Alberta wanda ya kai shekara 18 zai iya saya, zai iya yawo da giram 30, kuma kowane gida an yarda ya shuka tushe huɗu, gida fa ba kowane mutum ba. Kar wani yaro a ƙauye ya karanta wannan yace toh ai turawa ma sun yarda. Ni ina gani da idona, warin a tashar bas, warin a lifta, samari idanu jawur da safe, har alawa ake yi da shi yara ƙanana suna tsinta su ci a kwasa sai asibiti. Haramun ne a wurina jiya da yau, kuma a gida NDLEA zata kama ka. Ko a nan ma ka tsallaka boda da shi laifi ne babba. Mu da binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 suna shan wiwi a Najeriya, mun ga yadda ita da kodin da sholisho suka cinye mana samari, bamu buƙatar ƙari.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Yaron nan ya ɓata kusan minti arba'in a kaina, ni da kayan da na saya basu taka kara sun karya ba, fitila ɗaya da buhun ƙasa da tukwanen roba. Ya nuna min nisan da zan sa fitilar, ya ce kar na cika ruwa, ya rubuta min a takarda, ya bani rasit yace in fitilar bata yi ba na dawo da ita a bani kuɗina. Irin ramar kuma a intanet na yi oda, ya zo a 'yar ambulan an rubuta shekarar da aka ɗura shi, kwana nawa zai tsiro, zurfin da za'a binne. Wai har irin wiwi haka yake zuwa a rufe da hatimin gwamnati da sunan wanda ya samar da shi. Wiwi fa! Abin da yake lalata mutum an tsare masa gaskiya, mu kuma abin da muke ci muke rayuwa a kai an bar shi a hannun maha'inta.

Yaya ka tuna gwangwanin irin tumatir da Baba ya saya a kasuwa shekarar da ya sayar da tunkiyar Inna? A rufe kamar daga kamfani, aka zuba a bedi, ko kashi ɗaya cikin uku bai fito ba, wanda ya fito ma wani ɗan ƙanƙani ne mai ruwa da 'yan kwando basa ko kalla. Ashe tsohon gwangwani ake tsinta a ɗura duk abin da aka samu a liƙe. Baba ya koma, mutumin ko kunya babu yace Alhaji sai haƙuri haka Allah ya so. Haka a 2016 da tsutsar tumatir ɗin nan da ake kira sharon ta cinye gonaki daga Kura har Garun Malam, mutane na kuka wasu kuma suna cika aljihu da maganin feshin da rabinsa ruwa ne. Taki a haɗa da yashi, mudu a bubbuge gindinsa, buhu a sa mai kyau a sama ruɓaɓɓe a ƙasa, kuma duk mu ne a sahun gaba, mun haddace hadisin da Manzon Allah (SAW) yace wanda ya ha'ince mu baya cikinmu. Mu manoma ma muna da namu, bama karɓar rasit, bama tambayar sunan iri, ga masana a cibiyar binciken noma ta Samaru suna fitar da iri mai kyau amma mun fi son na bakin titi don ya fi araha da naira ɗari biyu, kuma in an cuce mu kunya ta hana mu magana don mai shagon surukin wane ne.

Ramar dai ta fito. Ƙwaya goma sha biyu na shuka, sha ɗaya suka tsiro, ranar da na ga kan farko ya ɓullo na daɗe a tsugune a gabanta, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya kai ni har bayan ɗakin Inna bayan ruwan farko. Matar da nake haya a gidanta ta ga hasken ta sauko ta tambaya, na nuna mata ambulan ɗin tun kafin ta buɗe baki. Na tsinka sau biyu yanzu, tsaminta bai kai ta gida ba, kuma da man gyaɗar kwalba nake kwaɗawa don ba ƙuli.

Yaya dan Allah ka nuna wa Inna hoton da na turo amma kar ka bata labarin shagon. Sannan kafin ku zuba irin ranin bana, ka ɗebi ƙwaya ashirin ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka ajiye inda ba sanyi, bayan sati ka ƙirga nawa suka tsiro, in basu kai sha biyar ba ka mayar wa mai shagon da gwangwaninsa a gaban mutane, kuɗin wani irin ni zan turo.