Blue Ruin: Fim ɗin ramuwar da ya raba kan majalisarmu

Yaron da ke tura mini fina-finai a bakin kasuwar unguwarmu ya san halina, in na miƙa masa filashi ba sai na yi dogon bayani ba. Ranar Asabar ɗin nan sai na ce masa yau ba ni kaɗai zan kalla ba, majalisa ce guda, don haka ya nemo mana fim ɗin ramuwar gayya mai zafi. Ya ɗan yi lalube a kwamfutarsa, ya ɗago kai ya ce, "Likita, akwai wani, amma fa jarumin bai iya faɗa ba." (A unguwa Likita ake ce mini, alhali ni ma'aikacin jinya ne. Na gyara wa mutane har na gaji.) Na ɗauka zolaya ce, na ba shi N200 na kama hanya. Sunan fim ɗin Blue Ruin, na Amurka ne, ya fito a 2013, tsawonsa minti 90.

Bayan sallar isha'i muka kafa talabijin a ƙofar shagon ɗinkin Yayana. Mu takwas muka fara, mu biyar muka gama. Ba fassarar Hausa, ni ne tafinta, kuma ban sha wuya ba, don an daɗe da farawa kafin wani ya buɗe baki ya yi maganar kirki.

Wani mutum ne mai suna Dwight, gemu buzu-buzu, yana kwana cikin wata tsohuwar mota shuɗiya da tsatsa ta ci, a bakin teku a jihar Delaware. Abincinsa daga bola, wankansa a gidajen mutane in ya faki idonsu. Wata safiya wata 'yar sanda ta tashe shi ta tafi da shi ofis. Ba kama shi ta yi ba, labari ta ba shi: mutumin da aka ɗaure kan kisan iyayen Dwight kusan shekara 20 da suka wuce za a sake shi. Sai ya mayar wa motar batir, ya nufi Virginia.

A nan ɗan adaidaitan majalisarmu ya gyara zama, ya ce yanzu za a fara. Shi a zatonsa za a bayyana mana cewa mutumin tsohon soja ne, zai je ya tono akwatin makamai. Ina! Dwight ya shiga shagon bindiga, kuɗinsa ba su kai ba. Ya saci wata a motar mutane, ashe an ɗaure kunamarta da kwado, garin fasa kwadon ya lalata bindigar. Ƙarshe da wuƙa ya je, ya laɓe a banɗakin wata mashaya, ya kashe mutumin, kisa mai muni, ba salo ba kirari. A wurin kokawar makullin motarsa ya faɗi. Ya fito ya huda tayar motar abokan gaba, garin haka ya yanke hannunsa, sannan ya gane cewa da motar da ya sace wa iska zai gudu. Duk wannan kafin a cika rabin awa. Abin da sauran fina-finai ke ajiyewa sai ƙarshe, a nan da shi aka buɗe, sauran lokacin kuwa na girbar abin da aka shuka ne. Takardun motar da ya bari suna ɗauke da adireshin 'yar'uwarsa mai ƙananan 'ya'ya, kuma dangin mamacin ba su kai ƙara wurin hukuma ba. Kowa ya san ma'anar wannan.

Ɗan adaidaita bai jira ba. Ya miƙe yana kaɗe wando ya ce, "Likita, wannan ba jarumi ba ne, wahalalle ne. Da in ɓata dare a kan mutumin da ko wuƙa bai iya riƙewa ba, gara in je in yi lodi biyu." Samari biyu suka bi bayansa. Ban ga laifinsu ba. Sun zo cin tsire ne aka miƙo musu fate.

Yayana ya zauna, amma bakinsa bai huta ba. Shirun fim ɗin ne ya dame shi, kowane minti biyar sai ya tambaya ko sauti ne ya ɗauke. Da Dwight ya aske gemu ya sa rigar mutane, Yaya ya ajiye almakashi ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe akawu ne! Wannan fuskar ko kaza ba za ta ji tsoronta ba." Bai san cewa yabo ya yi ba. Macon Blair, wanda ya fito a matsayin Dwight, da idanu yake aikinsa, manyan idanu na mutumin da tsoro bai taɓa sakinsa ba. Ka gan shi riƙe da bindiga sai ka ji kana tsoron kada ya harbi ƙafarsa.

Ɗan Yayana, mai karatu a jami'a, shi ne lauyan fim ɗin a daren. Ya lalubo tarihinsa a waya yana karanto mana. Jeremy Saulnier ne ya rubuta labarin, ya ba da umarni, ya kuma riƙe kyamara da kansa, shi da Blair abokai ne tun yarinta. Abin da aka kashe bai kai dala 500,000 ba, yawancinsa kuɗin aljihu ne, sai gudummawar sama da dala 35,000 da jama'a suka tara musu a Kickstarter, wani shafin intanet na tara gudummawa. Bikin fina-finai na Sundance ya ƙi karɓarsa, amma aka nuna shi a Cannes ta Faransa a 2013, har ƙungiyar masu sharhin fina-finai ta duniya, FIPRESCI, ta ba shi kyauta. Yaya ya ji adadin ya buga lissafi da naira, ya ce in wannan ne ƙaramin kuɗi, a ba wani furodusa a Kano ya ga yawan zangon fim mai dogon zango da zai fitar. Da gaskiyarsa. Amma a ma'aunin Amurka, inda fim ɗaya ke lashe dala miliyan 100 ba a ɗaga gira ba, wannan kuɗin cefane ne. Kuma ƙarancin kuɗin bai nuna a hoto ba. Inda ya nuna shi ne ba fashewar motoci, ba taron ɗaruruwan mutane. Daga daji sai gida sai cikin mota.

Ni inda fim ɗin ya saye ni daban ne. Akwai wurin da aka harbi Dwight da kibiya a cinya. Na shekara da shekaru a sashen gaggawa, kuma ba abin da ke ba ni haushi a fina-finai kamar jarumi ya ciro harsashi da tsinin wuƙa, ya tsiyaya barasa, ya ɗaure da ƙyalle, ya tashi ya ci gaba da gudu. Wannan ƙaryar tana kawo mana marasa lafiya. Na ga waɗanda ƙarfe ko wuƙa ta shige su, 'yan'uwa suka zare a gida da kyakkyawar niyya, aka iso da su jini ya kusa ƙarewa. Abin da ya shige jiki ba a zare shi sai a asibiti, domin wani lokacin shi ne ya toshe jijiyar da ya huda, kuma a cinya akwai babbar jijiyar jini wadda in ta ɓalle mintuna kaɗan sun isa. To Dwight ma ya gwada irin ta jarumai. Ya shiga kemis ya sayi kayan wanke ciwo, ya datse kibiyar, ya sa filaya zai zaro kan. Jini ya ɓalle, azaba ta ishe shi, ya haƙura ya ja ƙafa zuwa asibiti, yana isa ya zube. Wallahi ban san lokacin da na tafa ba. Yaya ya kalle ni ya ce, "Kai dai ba ka da imani."

Wanda bai ce uffan ba tun farko shi ne Baba mai gadin layinmu. Daga wani ƙauye na Zamfara ya taso da iyalinsa 'yan shekarun baya, kuma ba mai yawan magana ba ne. Yana zaune a gefen benci da tocilansa a kan cinya. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan ɗan taɓa sirrin labarin: can wajen tsakiya Dwight ya ji daga bakin ɗaya daga cikin abokan gabarsa cewa abin da ya riƙe a zuciya shekara 20 ba haka yake ba, kuma asalin rigimar daga cikin gidajen biyu ta taso. Da na fassara wurin, Baba ya ce, "Ɗan nan, maimaita mini." Na maimaita. Ya jinjina kai, ya ce haka take. Ya ce a wajensu ma da satar shanu aka fara, 'yan sa-kai suka kama wani a kasuwa suka kashe, danginsa suka zo da dare, aka rama, aka sake ramawa, har aka kai lokacin da ba wanda zai iya faɗa maka wa ya fara. Ya ce mutane na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi kamar kirari ne, amma ba sa faɗin wanda zafin ke ƙonawa. Daga nan bai ƙara magana ba, mu ma muka yi tsit, har Yaya.

Fim ɗin yana da nasa rauni. Bayan asibiti tafiyar ta yi sanyi, akwai mintunan da na ji ana jan su. Dangin abokan gabar ba a ba su isasshen fili ba, yawancinsu mun san su ne kawai a matsayin mugaye masu ihu, alhali labarin da kansa yana nuna su ma suna da nasu ciwon. Wanda ya fi armashi a cikin 'yan rakiya shi ne tsohon abokin Dwight na makaranta, masanin bindiga, wanda Devin Ratray ya fito a matsayinsa. Shi ne ya kawo 'yar dariyar da ke cikin fim ɗin, da ya tafi sai da muka yi kewarsa.

Sai kuma ƙorafina ga yaron nan mai tura fina-finai. Kwafin da ya ba ni an matse shi ainun, kuma wurare masu muhimmanci da dare suke faruwa. Harin da aka kai gidan 'yar'uwar Dwight kusan a duhu muka kalle shi, sai inuwa ke gilmawa, sai da muka kashe ƙwan shago. Duk mai nema ya nace a ba shi kwafi mai nauyi, ko da zai ci wuri. Kuma ba na kallo da yara ba ne, akwai jini sosai da ashar na Turanci. Ni na ba shi huɗu cikin biyar. Ɗan Yaya ya ce biyar, Yaya ya ce biyu da rabi, rabin ma don abokin nan mai bindiga. Baba ba ya ba da maki.

Ranar Litinin da safe ina tsaye a bakin titi zan tafi aiki, sai ga ɗan adaidaitan nan ya ci birki a gabana. Na shiga, muka yi nisa ba wanda ya ta da zancen. Sai da muka tsaya a danja ya waigo ya ce, "Likita, wai wahalallen nan, ya tsira kuwa?" Na ce filashin yana wurin Yaya. Ya ce shi fa ba kalla zai yi ba, tambaya kawai ya yi. Da yamma Yaya ya kira ni ya ce an zo an karɓi filashin.