Awon ciki da katin inshora: asibitin kuɗi ko na gwamnati?

Mai juna biyu da ke riƙe da katin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta Najeriya da dokar 2022 ta kafa a madadin tsohon shirin NHIS, za ta iya sa sunanta a asibitin gwamnati, ko a na kuɗi wanda hukumar ta amince da shi.

Na kuɗi ya fi kwanciyar hankali. Ba sammako, ba dogon layi, sau tari ma likita ɗaya za ta riƙa gani har ta sauka. Sai dai a tambaya tun farko: ƙwararren likitan mata a nan yake zaune, ko leƙowa yake yi sau ɗaya a mako? Wasu leƙowar kawai suke. Idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare aka ce sai tiyata, a lokacin za a fara neman lambar izini daga kamfanin HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorar mai katin, ko a rubuta takardar turawa gaba.

A manyan asibitocin gwamnati kuwa, irin na Malam Aminu Kano, likitocin mata suna nan dare da rana, ga ma'ajiyar jini, ga ɗakin bakwaini. Wahalarsa jira: a fito da asuba da kati da ɗan abin kari, a zauna kan benci wani lokaci har azahar. Yajin aiki ma yakan gitta.

Kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani dai ko'ina sai an biya.

A ganina mai hawan jini, ko mai ɗauke da tagwaye, ko wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, gara ta jure layin asibitin gwamnati.