Sharhi Kan Hidimar StepChange Ga Wanda Bashin Jiran Albashi Ya Fi Ƙarfinsa

Dalilin da ya kai ni ga wannan hidima shi ne wata 'yar'uwata da ke zaune a Ingila, wadda ba ta da wata hanyar samun kuɗi sai tallafin gwamnati na Universal Credit. Ta ci bashin fam 300 a wurin ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ba da rancen jiran albashi ta intanet, bisa alkawarin biya bayan kwana 30, alhali ita ba ta da wani albashi da take jira. Da ranar biya ta zo babu kuɗi, sai saƙonni da kiraye-kiraye suka yi mata yawa, har ta fara tunanin ta taɓa kuɗin haya domin ta samu lafiya. Tare da ita muka nemi shawarar StepChange, kuma abin da na gani da abin da na karanta daga baya su ne tushen wannan sharhi.

StepChange ƙungiyar agaji ce da aka kafa a birnin Leeds a shekarar 1993 da wani suna daban, sannan ta koma sunanta na yanzu a 2012. Tana ba da shawara kan bashi kyauta, ta waya ko ta shafinta na intanet. Ba ta ba da rance, ba ta kuma biya wa kowa bashinsa, don haka duk wanda ya je da fatan a miƙa masa kuɗi zai dawo hannu rabbana.

Abin da ake fara yi shi ne lissafin shiga da fita, kuma wannan mataki yana cin lokaci, domin sai an rubuta kowane tallafi da mutum yake karɓa, da kuɗin haya, da harajin ƙaramar hukuma, da wuta da gas, da abinci, da sutura, har zuwa kuɗin mota. Ya kamata mutum ya tanadi takardun banki da duk wasiƙun masu bin sa bashi kafin ya zauna. Da farko na ɗauki wannan dogon lissafi a matsayin ɓata lokaci, amma daga baya na gane cewa shi ne ainihin amfanin hidimar, saboda a nan ne ake raba basussuka gida biyu. Akwai waɗanda rashin biyansu yake jawo asara babba, kamar kuɗin haya da zai iya kai mutum ga rasa muhalli, da harajin ƙaramar hukuma, da kuɗin wuta, da tarar kotu. Sannan akwai sauran, irin su katin bashi da rancen jiran albashi, waɗanda dokar ƙasar ba ta ba su wannan matsayi ba. Wato kamfanin da ya fi kowa hayaniya a wayar 'yar'uwata shi ne na ƙarshe a layin waɗanda za a biya, kuma ba a ɗaure mutum a kurkuku saboda ya kasa biyan irin wannan rance. Jin wannan magana kaɗai ya hana ta taɓa kuɗin hayar.

Shawara ta biyu da na ga amfaninta nan take ita ce batun izinin cire kuɗi. Yawancin waɗannan kamfanoni suna karɓar lambar katin banki tare da izinin ɗaukar kuɗinsu da kansu idan lokaci ya yi, wanda ke nufin tallafin wata yana iya shiga asusu da safe, kamfanin ya kwashe rabonsa kafin a sayi abinci. Mai asusu yana da 'yancin soke wannan izini ta hanyar sanar da bankinsa kai tsaye, kuma wajibi ne bankin ya aiwatar, ko da kamfanin bai so ba. Soke izinin bai shafe bashin ba, amma yana mayar wa mutum ikon zaɓar abin da zai fara biya. Kamfanin kuma ba shi da hurumin zuwa ma'aikatar da ke biyan tallafi ya sa a yanke kuɗinsa daga tushe.

A nan ya dace a faɗi iyakokin da hukumar FCA, mai sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, ta gindaya, domin da yawa daga cikin masu cin wannan bashi ba su san su ba. Tun daga 2014 kamfani ba ya sabunta rance fiye da sau 2, kuma idan ya gwada cire kuɗi sau 2 bai samu ba, dole ya tsaya. Daga watan Janairu na 2015 kuwa, kuɗin ruwa da sauran caji ba sa wuce kashi 0.8 cikin 100 a kowace rana, tarar jinkiri ba ta wuce fam 15, sannan jimillar abin da za a ɗora ba ta wuce adadin da aka ranta. A kan fam 300, hakan yana nufin fam 2.40 a rana, ko fam 72 a kwana 30, kuma ko da an shekara ba a biya ba, kuɗin ruwa da caji ba za su kai bashin sama da fam 600 ba. Kuɗi ne mai yawa ga mai zaman tallafi, amma ba rijiya gaba dubu ba ce.

StepChange tana cikin waɗanda ke iya shigar da mutum shirin Breathing Space, wato damar numfasawa ga wanda ake bi bashi, wanda ya fara aiki a Ingila da Wales a watan Mayu na 2021. Shirin yana ba da kwana 60 da ake dakatar da kuɗin ruwa da tara da matakan tilasta biya, kuma ba a shiga sai ta hannun mai ba da shawara kan bashi, sau ɗaya a cikin wata 12. Wanda ke karɓar kulawar gaggawa kan lafiyar ƙwaƙwalwa yana samun kariyar har tsawon jinyarsa da ƙarin kwana 30. Sai dai wannan numfasawa ce kawai, domin bashin yana nan, kuma wajibi ne a ci gaba da biyan haya da sauran kuɗaɗen wata-wata. Scotland tana da nata tsarin daban.

Bayan haka ne ake duba mafita ta dindindin, kuma a nan nake da 'yar togaciya. Tsarin da aka fi sanin ƙungiyar da shi shi ne wanda mutum yake ba ta kuɗi dunƙule a kowane wata, ita kuma ta raba wa masu bin bashi. Wannan tsari yana buƙatar rarar kuɗi, wadda mai tallafi sau da yawa ba shi da ita, kuma ba ya ɗaure kamfanoni bisa doka, domin dakatar da kuɗin ruwa a ƙarƙashinsa ganin damarsu ne. Ya kuma kamata mai karatu ya san cewa wani babban ɓangare na kuɗin tafiyar da ƙungiyar yana fitowa ne daga gudummawar masu ba da bashi. Ban ga alamar hakan ya karkatar da shawarar da aka ba 'yar'uwata ba, amma sanin haka ya isa ya sa mutum ya nemi ra'ayi na biyu a wurin wasu masu ba da shawara kan bashi, kamar National Debtline ko Citizens Advice, waɗanda su ma kyauta ne, musamman Citizens Advice idan ya fi son zama gaba da gaba da mai ba da shawara.

Ga wanda ba shi da rara, akwai miƙa wa kamfani tayin biyan abu kaɗan, ko da fam 1 ne a wata, tare da kwafin lissafin da ke nuna halin da yake ciki. Idan basussukan suna da yawa, akwai umarnin sassauci da ake kira Debt Relief Order, wanda aka soke kuɗin nemansa na fam 90 a watan Afrilu na 2024. Ana bayar da shi ga wanda bashinsa bai wuce fam 50,000 ba, rararsa ba ta wuce fam 75 a wata ba, kadarorinsa kuma ba su wuce fam 2,000 ba, kuma idan hali bai canja ba bayan wata 12, sai a yafe basussukan da ke ciki. Farashinsa shi ne tabon da yake bari a tarihin bashin mutum har shekara 6, saboda haka ba abin da za a yi gaggawar nema ba ne a kan rance guda ɗaya ƙarami.

Hanya ta ƙarshe, wadda a ganina ta cancanci a ƙara jaddada ta ga masu tallafi, ita ce ƙorafi kan cewa tun farko bai kamata a ba da rancen ba. Doka ta wajabta wa kamfani ya tabbatar mai nema zai iya biya ba tare da ya shiga ƙunci ba. Ana rubuta wa kamfanin ƙorafi, yana da mako 8 ya amsa, kuma idan amsar ba ta gamsar ba, akwai wata 6 na kai ƙara ga Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sasanta rikici tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, ba tare da biyan ko sisi ba. Idan aka yi nasara, yawanci ana cire kuɗin ruwa da caji, uwar kuɗi kaɗai ta rage. Wannan aiki mai bashin ne zai yi da kansa, kuma ba ya buƙatar kamfanonin da ke karɓar kaso domin su rubuta masa wasiƙa.

'Yar'uwata ta soke izinin cire kuɗi a ranar da muka gama lissafin, ta aika wa kamfanin tayin biyan fam 5 a wata, sannan ta shigar da ƙorafinta, wanda har yanzu take jiran amsarsa.