Littafi, manhaja ko malami: me ya kamata ka saya kafin jarrabawar ma'aikacin agajin gaggawa a Amurka

Ranar da na fara zama wannan jarrabawa, kwamfutar ta tsaya a tambaya ta 70. Na fito ina fara'a, don an ce mini in ta tsaya da wuri to ka ci. Da sakamako ya fito, ashe faɗuwa na yi. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, na'urar tana tsayawa ne da zarar ta gamsu da matsayinka, ko sama da layi kake ko ƙasa, kuma ni ba ta sha wahala wajen gane inda nake ba. A lokacin ina da littafi mai kaurin bulo, da ɗauri uku na katunan hadda, da manhajoji biyu a waya. Kaya kam na tara. Magani ne na yi ta saya alhali ban san ciwon da ke damuna ba.

Don haka kafin ka ciro kati ka biya ko sisi, fara sanin abin da za ka tunkara. Hukumar NREMT mai yi wa ma'aikatan agajin gaggawa rajista a Amurka, wadda aka kafa a 1970 kuma hedkwatarta ke Kolombus a jihar Ohayo, ita ke shirya jarrabawar (ta matakin da ake kira EMT nake nufi), kuma yawancin jihohin Amurka da sakamakonta suke aiki wajen ba da lasisi. A kwamfuta ake yin ta, ta hannun kamfanin Pearson VUE. Tambayoyi daga 70 zuwa 120, awa biyu. In ka amsa daidai, ta gaba sai ta ƙara tsauri, in ka kuskure sai ta sassauta, kuma ba a komawa baya a gyara amsa. Shi ya sa kusan kowa ke fitowa da jin cewa ya sha kashi, har wanda ya ci. Makin ci 950 ne a ma'aunin da ya kai 1500. Kowane zama yana cin sama da dala 100, wanda ya faɗi sai ya jira kwana 15 kafin ya sake, bayan faɗuwa uku sai ya kawo shaidar ƙarin horo, bayan shida kuwa sai ya koma aji ya maimaita kwas ɗin daga farko. Duk wannan kuma cikin shekara biyu daga gama kwas.

A watan Afrilun 2025 an sake fasalin jarrabawar. Da can ana raba ta ne bisa numfashi, zuciya, rauni, cututtuka da haihuwa, da tafiyar da aiki. Yanzu tana bin yadda aikin yake gudana ne: duba wurin da abin ya faru da tabbatar da tsaro, dubawar farko, dubawa ta biyu, kulawa da ɗaukar majinyaci, sai tafiyar da aiki. An kuma shigo da tambayoyin da za a ce ka zaɓi amsa fiye da ɗaya, ko ka jera matakai bi da bi. Duk abin da za ka saya, tambayar farko ita ce ko an sabunta shi bayan wannan sauyi.

Ga irin abin da ya kayar da ni. Matashi ya faɗo daga babur, yana kwance yana minshari, jini na tsartuwa daga cinyarsa. Me za ka fara yi? Buɗe hanyar numfashi, ba shi iskar oksijin, tsayar da jinin, ko riƙe wuyansa kada ya motsa? Duka huɗun abubuwa ne da za ka yi masa, babu na banza a ciki. Amma jini mai tsartuwa daga babbar jijiya yana iya kashe mutum cikin 'yan mintuna, saboda haka shi ake fara tarewa, da dannawa ko da maɗaurin tsayar da jini. Ni kuwa da na haddace cewa hanyar numfashi ce farko, sai na miƙa hannu can ba tare da tunani ba. Yawancin tambayoyin haka suke: amsoshi masu kyau biyu ko uku, a ce ka nuna wadda ta riga sauran. Da wannan ma'auni nake auna duk wani kayan karatu.

Littafin kwas shi ne tushe, kuma galibi ka riga ka saye shi tun kana aji. Biyu ne suka fi yawo a makarantu: wanda ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka, AAOS, ke fitarwa, da ɗalibai ke kira littafi mai ruwan lemo saboda launin bangonsa, da na mawallafa Brady. Kowanne ya wadatar, ba ka bukatar duka biyun. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne sayen tsohon bugu don araha, kuma araha ba ta ado. Ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka, AHA, tana yi wa ƙa'idojin farfaɗo da zuciya babban gyara duk shekara biyar. Misali ɗaya ya isa: kafin 2020 ana koyar da hura wa ƙaramin yaro numfashi sau ɗaya duk daƙiƙa 3 zuwa 5, a 2020 aka mayar da shi duk daƙiƙa 2 zuwa 3. Wanda ya riƙe tsohon littafi zai zaɓi tsohuwar amsa da cikakken ƙarfin zuciya, ya faɗi. In har sai ka sayi na hannu, to bugu na baya-bayan nan, kuma ka sani lambar shiga shafin intanet da ke zuwa da littafi galibi mai shi na farko ya riga ya cinye ta. Aibin littafi ɗaya ne, yana ba ka jin daɗin cewa ka yi karatu. Ka shafe awa uku kana ja wa layuka alƙalami mai launi, ka rufe, a tambaye ka abin da ya raba bugun zafi mai tsanani da gajiyar zafi, ka tsaya kana kallon silin.

Rumbun tambayoyi, wato manhajojin da ke jero maka ɗaruruwan tambayoyin gwaji, nan ne nake ganin kuɗi ya fi cancantar zuwa. Akwai su da yawa, irin su Pocket Prep, EMTprep, MedicTests da manhajojin Limmer Education, wasu ana biya wata-wata, wasu sau ɗaya. Ba zan ce ga gwani a cikinsu ba, don abin da ya dace da kai ya danganta da inda kake rauni. Amma kada yawan tambayoyi ya ruɗe ka. Tambaya 300 masu cikakken bayani sun fi 2000 da za su ce maka "ba daidai ba" su wuce. Yawancinsu suna ba da 'yan tambayoyi kyauta, to ka yi amfani da damar: da gangan ka zaɓi amsar da ka san kuskure ce, ka ga me za su faɗa. In bayanin ya nuna maka dalilin da ya sa ta daidai ta zama daidai, ya kuma bi sauran ukun ɗaya bayan ɗaya ya faɗi abin da ya hana su, wannan malami ne a aljihunka. In kuwa ya maimaita maka amsar kawai, ajiye shi.

Abu na biyu da za ka duba shi ne salon tambayar. Wadda ke cewa "sau nawa ake danna ƙirji a minti" ba laifi, amsar 100 zuwa 120 ce, sai dai wannan aikin katin hadda ne. Kana neman wadda za ta ba ka mutum mai shekaru, da awon jini, da launin fata, da yadda yake numfashi, ta bar ka ka yanke hukunci. Na uku, ko tana nuna maka ɓangaren da kake yawan faɗuwa. Wannan yana da muhimmanci, domin takardar sakamakon hukumar ba za ta nuna maka tambayoyin da ka kuskure ba. Sai kuma tarkon da na faɗa da kaina: na maimaita rumbu ɗaya har makina ya haura 90 cikin 100, ina ta murna, alhali tambayoyin na haddace har ina gane amsa kafin in gama karantawa. Da zarar ka fara gane tambaya daga kalmominta na farko, rumbun ya gama yi maka amfani. Shi ya sa biyan wata ɗaya ko biyu ya fi biyan shekara, ka gama da wannan ka koma wani. Kuma ka sa wa kanka tuni a waya, don biyan wata-wata ba ya tsayawa da kansa ranar da ka ci jarrabawa.

Katunan hadda suna da gurbinsu, ƙarami ne amma dole. Akwai lambobin da ba tunani ke kawo su ba: danna ƙirji 30 hura numfashi 2 ga babba, 15 da 2 ga yaro in masu ceto biyu ne, allurar efinefrin ta alaji mai tsanani miligiram 0.3 ga babba da 0.15 ga yaro, ma'aunin Glasgow na auna yadda majinyaci yake cikin hayyacinsa daga 3 zuwa 15, ƙwayar naitirogilisarin ta ciwon ƙirji miligiram 0.4 a ƙarƙashin harshe. Shawarata kada ka saya, rubuta naka da hannu, rubutun kansa rabin hadda ne. Katunan kyauta da ɗalibai ke zubawa a intanet kuwa ba wanda ya tace su. Kuma kati zai gaya maka adadin ƙwayar, amma jarrabawa za ta ɓoye maka a tsakiyar labari cewa mutumin ya sha Viagra daren jiya ko jininsa ya yi ƙasa, ta jira ta ga ko za ka ba shi, alhali a irin wannan hali ba a ba da ita.

Bidiyo na YouTube kyauta ne kuma yana taimakawa wajen abin da sai an gani, kamar yadda jini ke zagaya zuciya ko sautin huhu mai ruwa. Duba shekarar da aka ɗora shi. Ƙananan littattafan bita masu taƙaita komai kuma sun dace da wanda ya gama kwas da daɗewa yana son tuni, ba za su koyar da wanda bai fahimta ba tun farko.

Malami na musamman ko ajin bita shi ya fi komai tsada, kuma ba zan ba mai zaman farko shawarar ya fara da shi ba. Amma wanda ya faɗi sau biyu da maki kusan iri ɗaya, to tsugune ba ta ƙare ba, sake sayen wata manhaja ba zai canza komai ba. Yana bukatar wanda zai zauna kusa da shi, ya ce karanta tambayar da ƙarfi, gaya mini abin da kake tunani. A zama ɗaya aka gano nawa ciwon: ina ƙara wa tambaya abin da ba ta faɗa ba, ina cewa to in da yana da ciwon suga fa, in da motar asibitin ta yi nisa fa. Kafin ka biya baƙo, koma wa malamin da ya koyar da kai, da yawansu suna son ɗalibansu su ci kuma za su ba ka lokaci. In ka kai faɗuwa uku, tabbatar ajin da za ka biya yana cikin waɗanda hukumar ke karɓar takardarsu, kada ka yi cinikin biri a sama.

Ga wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne akwai wani nauyi daban, don kalma ɗaya mai nufin "da farko" ko "mafi dacewa" ko "ban da" tana juya amsar gaba ɗaya. Awa biyu ga tambaya 120 minti ɗaya ke nan kowace tambaya. Irin wannan ɗalibi ya fi bukatar manhajar da ke da gwaji mai agogo, ya kuma riƙa karanta layin ƙarshe na tambaya kafin labarin.

Abin da ba zan saya ba ko kyauta ne shi ne abin da ake tallatawa da sunan ainihin tambayoyin jarrabawa, ko alkawarin tabbacin ci. Tambayoyin hukumar sirri ne, raba su ko amfani da su na iya jawo soke sakamako da hana mutum rajista, kuma tun da kowa da irin tambayoyin da na'urar ke zaɓo masa, ko na gaskiyar ne ba lallai ka gamu da su ba.

Kada kuma ka manta akwai gwajin aiki da hannu, wanda jiha ko makarantarka ke gudanarwa, kuma babu manhajar da za ta koya wa yatsunka ɗaura maɗauri. Abin sauraron ƙirji mai matsakaicin kuɗi da abin awon jini na hannu sun isa, sai abokin karatu da zai yarda ya kwanta a ƙasa kana duba shi kana faɗin kowane mataki da baki. A zamana na biyu littafin da nake da shi na riƙe, na biya rumbu ɗaya na wata guda, ina yin tambaya 40 kullum, duk wadda na kuskure in buɗe babinta a daren in rubuta dalilin da layi ɗaya a ƙaramin littafi. Wannan karon kwamfutar ba ta sake ni ba sai da na wuce tambaya ta 100.