Dakta a fannin ji: wanne za ka nema, na asibiti ko na bincike?

Duk wanda ya yi aiki a asibitin karkara a wajejen Ɗambatta ko Gumel ya ga yaron da sanƙarau ko ƙyanda ta bari da kurumta, ko mai injin niƙa da sai an ɗaga murya yake amsawa. Masanin ji shi ne mai auna ƙarfin jin irin waɗannan, ya gano inda matsalar take, ya daidaita musu na'urar ji. Ba ya fiɗa. Wannan aikin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne, kuma sai an bi ta karatun likitanci.

Digirin dakta a nan iri biyu ne. AuD na Amurka na aikin asibiti ne: galibi shekara 4 bayan digirin farko, ta ƙarshen duk a gaban marasa lafiya. Tun 2012 ASHA, ƙungiyar masana ji da magana ta Amurka, ba ta ba sabon shiga takardar ƙwarewa sai da digirin dakta, shi ya sa ya zama dole a can. A can fa, ba nan ba. Tsadarsa sai wanda ya samu tallafi, kuma an gina shi ne bisa asibitin da wuta ba ta ɗaukewa. Kai kuwa za ka dawo inda ƙarar janareta kaɗai ta isa ta ɓata awo, domin gwajin ji shiru yake so. Za ka tarar da uwar da ba ta da kuɗin batirin na'urar ji da ke mutuwa cikin mako ɗaya ko biyu, ga kunnen yaro yana girma, robar riƙe na'urar a kunne da aka yi masa bara ta yi sako-sako, na'ura sai fito take yi.

PhD, wato digirin digirgir, na bincike da koyarwa ne. Ba zai koya maka riƙe kunnen jariri ba, amma akwai aikin da ke jiransa: gwajin fahimtar magana da jerin kalmomi ake yi, kuma kalmomin Turanci ba su auna jin dattijon da Hausa ko Fulatanci kawai yake ji.

Ni dai da za a tambaye ni, ɗan karkara kada ya fara da dakta. A Afirka ta Kudu, jami'o'in Pretoria da Cape Town suna fitar da masanin ji da digirin farko na shekara 4. Indiya ma haka, cibiyar Mysuru ta daɗe a kan aikin, kuma kuɗin ya fi na Amurka sauƙi nesa ba kusa ba. Ingila na da digiri na biyu a Manchester da Southampton. A gida, Jami'ar Ibadan ta jima tana koyar da fannin a sashen ilimin masu buƙata ta musamman.

Kowacce ka zaɓa, ka fara tambayar hukumar MRTB, mai yi wa masana ji rajista a Najeriya, ko za ta karɓi takardar. Sannan ka tambayi makarantar awa nawa ɗalibi yake yi da marasa lafiya, da hannunsa, ba kallo ba. Kafin ka biya ko sisi, nemi izinin zama na 'yan kwanaki a sashen kunne na Asibitin Malam Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ka ga yadda ake gwada yaron da bai fara magana ba.